Tankar Jamus da Tunkuzar Inna

Ni dai tun da karatu ya buɗe mini babu wanda ya ƙara samun sakat a gidanmu. Gwangwanin sardin, kwalin sabulu, bayan tasi, allunan da ake kafawa gaban sababbin gine-ginen da suka cika Libreville tun da arzikin mai ya zo, duk sai na karanta, kuma da ƙarfi. Lokacin da muka zo daga Kano ko bonjur ban iya ba, aka haɗa ni aji da yaran da ba su kai mini kafaɗa ba. Bana kuwa, ina shekara goma sha huɗu, Faransanci ya zauna daram a bakina. Abu ɗaya mutane ke ƙorafi a kai, wai ba na kai karatu ƙarshe. To in na karanta layi biyu na gane inda maganar ta nufa, me zan tsaya yi wa sauran? Shi ya sa Dada Hawaou, maƙwabciyarmu 'yar Garwa da muke tsakar gida ɗaya a unguwar Nombakélé, ta sa mini suna Madmazel Na-Gane. Ita a zatonta tsiya take yi mini. Ni kuwa har amsawa nake.

Akwai wani ƙamus a kantin littattafan Madam Mengue, can unguwar Plaine Orety. Ja ne, kaurinsa ya kai bulo, an buɗe shi a bayan gilashi daidai shafin tsuntsaye masu launi. Duk ranar da aka aike ni wajen sai na tsaya na manna hanci a gilashin. Har na haddace tsuntsayen nan ba a taɓa juya shafin ba. Na yi wa Baba maganarsa sau ɗaya, ya ce in je in tambayi mai kantin ko tana karɓar addu'a.

Rannan sai na ga an manna takarda kusa da shi. Wai gasa za a yi ta masu haɗa 'yan ƙananan motocin yaƙi na roba, irin wasan nan da Turawan kamfanin mai suka zo da shi, manya da gemunsu suna zaune suna manna tayoyi. Wanda tasa ta fi kama da ta gaske, yadda tarihi ya nuna, shi zai tafi da ƙamus. Akwai wani ƙaramin rubutu daga ƙasa, amma tasi ta tsaya, kuma ai na gane.

A guje na shiga gida. Kawu Maitama, ƙanin Inna, mai gyaran agogo a bakin kasuwar Mont-Bouët, yana zaune yana shan kunu. Na san akwai wani kwali a ƙarƙashin gadonsa, wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa shi cikin tarkace. Hoton tankar yaƙi ne a jikin kwalin, a ciki kuma ga guntayen roba da ɗan siririn littafin tarihi.

Na ce, "Kawu, ina kwalin nan mai tanka? Ƙamus zan ci da shi."

Da na yi masa bayani sai ya ajiye ludayi, ya gyara hula.

"Tankar Jamus? Ke Ni'imatu, kin zo inda ya dace. Ni da yaƙi ai uwa ɗaya uba ɗaya muke."

Inna tana bakin turmi tana dakan gyaɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Goro ka sayar a ƙofar barikin Kaduna, Maitama."

"To su wa ke sayen goron, Yaya? Ba sojoji ba? Abin da soja ke faɗa in goro na bakinsa, ko janar ba ya jin sa."

Nan take muka raba aiki: ni karatu, shi hannu. Na shiga ɗaki na kwashe wa Inna kwanuka uku daga kan kantar bango, na share wurin, na fito na sanar wa tsakar gida cewa nan ƙamus zai zauna, kuma duk mai son taɓawa sai ya wanke hannu.

Dada Hawaou ta ce, "To Madmazel, mu da ba mu iya karatu ba a bar mu mu riƙa sansanawa."

Sunan tankar Tigre, wato damisa. Da muka zazzage kwalin, tayoyi suka watsu a tabarma kamar an kifar da gwangwanin maɓallai. Na ɗauki takardar bayani na karanta, "Ku manna tayoyin." Na ce wa Kawu bisimilla. Ya manna, ya manna, da ɗan hantsakinsa na agogo, yana ba mu labarin yadda wani saje ya taɓa ce masa yana da idon maharbi. Da ya gama sai ga tayoyi cike da tafin hannu sun yi saura, kuma babu inda za su shiga.

Ya ce, "Safaya ne. Jamus ba sa fita babu safaya."

Dada Hawaou ta ce tunda safaya ne a ba ta, rigar jikanta duk maɓallan sun zube. Ta kwashe. Sai washegari da na ƙara kallon hoton kwalin na ga tayoyin damisar nan a cakuɗe suke, wasu a bayan wasu, namu kuwa kamar bakin tsohon da ya zubar da haƙora. Ashe layi na uku cewa ya yi a fara da na ciki. Haka na je na durƙusa gaban Dada ina roƙo.

Ta ce, "Ah, ah. Ba kin gane ba?"

"Na gane, Dada. Jamus ne suka rubuta a baibai."

Sai da ta sa na tsince mata shinkafa kafin ta ɗauko reza ta yanko tayoyin daga gaban rigar yaron. Kawu ya ɓamɓare na waje da wuƙa, ya sake jerawa. Wajen yin haka ya manne babban yatsansa da cikin tankar, ya wuni yana yawo da ita a hannu, har alwala ya yi da hannu ɗaya yana cewa a yaƙi ma haka ake yi.

Da tanka ta tsaya da ƙafafunta, na ce to saura tarihi, don nan ne gasar take. Na buɗe ɗan littafin. Ya ce Jamus suna shafa wa tankokinsu wani abu mai kauri da ake kira Zimmerit, su yi masa layi-layi, don kada abokan gaba su manna musu bam mai maganaɗisu. Ya ce launinsa ƙasa-ƙasa ne mai ɗan rawaya. Ya ce mai haɗa ƙaramar tanka in yana son ta yi kama da ta gaske, sai ya samu "pâte." Nan shafin ya ƙare.

Na ɗago kai. Me idona zai faɗa a kai? Robar tunkuzar Inna, wadda take kaiwa kasuwa, wadda duk Mont-Bouët babu mai ce mata komai sai pat. Kauri, ga shi. Launi, ga shi.

Na ce, "Kawu, tunkuza ce."

"Wace tunkuza?"

"Pat. Ga shi an rubuta baro-baro."

Dada Hawaou ta ce, "Ɗan juya shafin mana mu ji wace iri."

Na ce, "Dada, in ana karatu ba a katse mutum."

Kawu ya kalli sama, can sai ya tafa hannu. "Haba! Shi ya sa bam ba ya kama su. Santsi! Wallahi wani kofur ya taɓa soma gaya mini wannan, aka busa bigila."

Muka jira Inna ta tafi kasuwa. Kawu ya shafe tankar nan da bayan cokali, ni kuma na ari matajin Dada na ja layi-layi. Ina faɗa muku, ko a gaban alƙali zan maimaita, ta yi kama da hoton littafin sak. Har ita Dada sai da ta matso ta ce, "Laa."

Da safe muka tarar ɓera ya lashe ɓangaren hagu tas, har roba na ƙyalli.

Kawu ya ce, "Raunin yaƙi ne. A bar shi."

Na ce littafi bai ce ɓera ya yi yaƙi ba. Muka sake ɗiba, muka sake shafawa. Washegari kazar gidan baya ta hau ta tsattsage murfin inji. Muka sake ɗiba. Inna ta dawo ta tsaya a kan robarta tana kallo.

"Wa ke taɓa mini tunkuza?"

Kawu ya ce, "Zafin garin nan ne, Yaya. Komai ƙafewa yake."

Ta bi hancinta har bakin taga inda muka ajiye tankar, ta sunkuya, ta sansana.

"Maitama, me ya sa motar yaƙinku ke ƙanshin miyar taushe?"

Na ce, "Tarihi ne, Inna."

"To tarihi zai ɗauki taɓarya. Duk abin da kuka ɗiba sai kin daka mini madadinsa."

Na daka. Ina daka ina tuna shafin tsuntsaye, ina cewa a raina da ƙamus ya shigo gidan nan kowa zai san da wa yake zaune.

Daga nan na tsallake shafuka biyu masu yawan lambobi, na faɗa kan wani layi da ya sa na miƙe tsaye. Wai sojojin cikin tanka sukan rataya guntayen "chenilles" a gabanta da gefenta don kariya. Wannan kalma kuwa na san ta kamar sunana. Malaminmu ya taɓa zana ta a allo, tsutsar nan mai gaɓa-gaɓa da ke rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi. Kuma ga ta can busasshiya a kasuwa, matan Kwango suna sayarwa a daro.

Na ce, "Tsutsa suke ratayawa. Don kariya."

Kawu ya dafe ƙirji. "Don kariya? To ai laya ce! Ni dama na san Jamus ba haka nan suka bar kansu ba. Mutum ya kama duniya da faɗa babu ɗan abin tsari? Ina!"

Dada Hawaou ta karɓi littafin, ta riƙe shi a baibai, ta juya. "Ni ban ga tsutsa a hoton nan ba."

Na nuna mata da yatsa. "Ga su nan a jere a gaba, gaɓa-gaɓa. Hoton ne baƙi da fari."

Ta ƙura ido. Ta ce, "Ikon Allah. Turawa ma?"

Inna ta ce, "A'uzubillahi. Tsutsa a ɗakina? A waje za ta kwana."

Na je kasuwa na zaɓo mafi ƙanƙanta a daron, har matar tana tambayata miyar mutum nawa zan yi da tsutsa shida. Kawu ya huda su da allura, ya shirya su a zare, ya rataya a gaban damisa. Da ya gama ya ja da baya ya sara mata.

Sannan ya ce saura abu ɗaya. Babu motar kirki da ke hawa hanya ba rubutu a bayanta. A sa mata "Sai A Hankali."

Na ce, "Kawu, tankar Jamus ce, ba gingimarin Alhaji ba. Tarihi bai ce haka ba."

Ya ce to, shi kenan. Da ma na san in Kawu ya ce shi kenan da sauri haka, akwai magana.

Saboda kiyashi, muka kifa kofi a tsakiyar daro, muka zuba ruwa, muka ɗora tankar a kan kofin, muka rufe da kwando saboda ɓera. Dabarata ce, kuma na faɗa wa kowa cewa tawa ce. Abin da ban lura ba, damisar nan doguwar igwa gare ta. Bakin igwar ya leƙo ta ramin kwando ya jingina da bango. Ranar gasa da safe na ga 'yan kiyashi biyu uku suna tafiya a kan igwar, na hure su, na ce a yi sauri kada mu makara.

Kawu ya sa babbar riga da wata hular kaki da ban san inda ya samo ba. Dada Hawaou ta ce ba za ta zauna a ba ta labari ba. Inna ta ce ita farantinta za ta bi, tunda a kansa muka ɗora tankar. Muka cika tasi. Wani ma'aikaci mai taye da ke gaba ya riƙa waiwaye yana shaƙar hanci, can ya tambayi direba ko a motar yake ajiye abincin rana.

Kantin Madam Mengue ya cika. An jera tebura, an shimfiɗa farin ƙyalle, ga tankoki da jirage reras. Turawan kamfanin mai, 'yan ofis, matansu da jakunkuna. Ƙamus yana tsakiya, an ɗaura masa ribbon, ɗan siririn ƙyallen ado. Alƙalin gasar wani tsohon Bature ne siriri mai gilashin ƙara girma a hannu.

Kawu ya matsa ya ce, "Bonjur, Mushe."

Inna ta ja masa riga. "Kai, ka daina ce wa mutum mushe da ransa."

Tsohon nan ba shi da imani. Ya dubi tankar wani ƙaton mutum mai gemu ya ce koren ya yi haske, irin wannan sai bayan yaƙi. Ya dubi ta wani ya ce shebur ɗin da ke gefe a hagu ya kamata ya zauna. Mutumin kamar zai yi kuka. Ni kuwa daɗi nake ji, ina fassara wa su Inna ina ƙarawa da nawa.

Ya iso kan tamu. Ya sunkuya. Ya daɗe. Rana ta shigo ta gilashi ta daki damisa, man gyaɗa ya fara tsattsafowa yana ɗiga a kan farin ƙyalle.

Ya ce da Faransanci, "Har da yoyon mai? Madalla. Tankokin nan sun yi fama da yoyo."

Na ce, "Mun sani, Mushe."

Ya zagaya baya, ya kawo gilashi kusa, ya tsaya. "Me aka rubuta nan? Sa-i a an-ka-li?"

Na kalli Kawu. Kawu ya kalli silin. Haruffan ƙanana ne ƙwarai, da hannun mai gyaran agogo, daidai ƙasan bututun hayaƙi.

Na ce, "Sunan kwamandan ne."

"Ban taɓa jin sa ba."

"Bai daɗe ba aka kashe shi."

Ya yi ɗan gyaran murya, ya rubuta wani abu. Na lura tsohon nan ya fi son a mare shi da ya ce bai san abu ba. Ya koma kan shafen tunkuza, yana bin layin matajin Dada da gilashi.

"Wannan Zimmerit," ya ce, "tunda nake ban ga wanda ya kai shi kyau ba." Mutane suka fara matsowa. "Amma akwai kuskure. Dubi murfin sama, dogo kamar ganga. Wannan ta farkon shekarar arba'in da uku ce. Shafen kuwa sai wajen ƙarshen shekarar aka fara shi."

Wato yana cikin shafukan nan masu lambobi da na tsallake. Amma bakina bai mutu ba.

Na ce, "An mayar da ita gareji daga baya aka shafa mata."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Hakan na iya faruwa." Ya juya ga jama'a ya ce, "Yarinyar nan ta yi karatu."

Wayyo. Da a nan aka tsaya! Na kalli ƙamus, na kalli Dada Hawaou, na ɗaga mata gira. Kawu yana tambaya me ya ce, me ya ce, na ce ya ce mun ci. Kawu ya fara gaisawa da mutanen da ke kusa.

Sai gilashin tsohon ya sauka a gaban tankar.

"Waɗannan fa?"

Na ce, "Chenilles ne, Mushe."

"Na ga chenilles ne. Me suke yi a nan?"

Na ce a raina, ashe akwai abin da bai sani ba. Na zaro ɗan littafin, na gyara tsayuwa kamar ranar rabon sakamako, na karanta layin da ƙarfi yadda na bayan kanti ma zai ji: sojoji sukan rataya guntayen chenilles a gaban tanka don kariya. Na rufe littafin na ƙara da bayani daga wajena, cewa maganin harsashi ne irin na Jamus.

Sai Madam Mengue, wata doguwar mace mai ɗaurin kai kamar jirgin ruwa, ta saki wata irin dariya har ta dafa kanta. Daga nan kanti ya ɗauka. Mai gemun nan da aka kayar yana dukan tebur. Wata mata ta zauna a ƙasa.

Inna ta ce, "Me kika ce musu?"

Kawu ya ce, "Murna suke yi, Yaya."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya je ya kwance ribbon, ya ɗauko ƙamus, ƙamus ɗina, ya buɗe ya ajiye a gabana. Karo na farko ke nan da na taɓa shi. Ya ɗora yatsa ya ce in karanta.

Na karanta, "Chenille. Tsutsar da ke zama malam-buɗe-littafi." Na ɗago. "To ai ga shi!"

Ya ce, "Ci gaba."

"Na gane ai."

"Ci gaba, Madmazel."

Akwai lamba biyu a ƙasa. Sarƙar ƙarfe mai gaɓa-gaɓa da tanka ko katafila ke tafiya a kai. Har da hoto. Wato guntayen sarƙar ƙafarsu suke ratayawa a gaba don harsashi ya daki ƙarfe.

Dada Hawaou ba ta jin Faransanci sosai, amma hoto ba ya buƙatar tafinta. Ta leƙo ta ce, "Madmazel, wannan tsutsar ta ƙarfe ce ko idona ne?"

Da abin ya tsaya nan ma da sauƙi. Tsohon ya ce bari dai ya duba ciki, ko an yi kujerun sojoji. Ya sa farce ya ɗaga murfin sama.

Jama'a, ashe duk kiyashin Nombakélé a cikin damisar nan suka tare. Ta bakin igwa suka shiga, suka kafa gari. Suka ɓullo baƙi ƙirin, ta murfi, ta igwa, ta tsakanin tayoyin da muka sha wuya a kansu. Wasu suka hau hannun tsohon suka shige hannun riga. Wasu suka bi man gyaɗa a kan ƙyalle, suka yi layi, suka nufi tankokin mutane.

Kawu ya daka tsalle. "Ga sojojin nan sun fito! Ni'imatu, gaya masa har da sojoji muka yi!"

Tsohon ya yar da gilashi yana kakkaɓe hammata yana wata rawa da ban taɓa ganin irinta ba. Mai gemu ya suri tankarsa ya ɗaga sama, gwiwar hannunsa ta ture jirgin wani. Mata suna ɗage jakunkuna. Wani yana ihu a kawo fiya-fiya. Kawu kuwa ya tsaya a kan tebur yana ba da rahoto da Hausa: "Sun ci gabas! Sun kewaye ta Ingila! Kai, Jamus ba dama!"

Tsohon ya kai yatsa baki saboda wani kiyashi ya cije shi, sai ya tsaya cak. Ya ɗanɗana. Ya dubi yatsan. Ya dubi damisa.

"Gyaɗa?"

Na ce, a hankali wannan karon, "Littafi ya ce pâte."

Madam Mengue ta share hawaye, ta kama hannuna, ta ja ni har bakin gilashi inda takardar gasar take. Ta nuna ƙaramin rubutun nan na ƙasa. Na karanta shi har ƙarshe, tunda ba tasi a kusa. Cewa ya yi ba a shigowa da abinci cikin kanti.

Wani likitan haƙori ne ya ci, da wata 'yar tanka toka-toka da ko ƙanshi ba ta yi. Ina kallo ya saƙale ƙamus a hammata kamar burodi ya fita. Inna ta zare farantinta, ta ce in wuce mu tafi kafin a kira 'yan sanda.

Muna bakin ƙofa Madam Mengue ta kira mu. Ta lakato gefen damisa inda kiyashi ba su kai ba, ta sa a baki, ta lumshe ido.

"Wa ya daka wannan?"

Na ce Inna ce. Ban ce da hannuna a ciki ba, don kada a ce ina yabon kaina.

Ta ce ta gaji da ta kasuwa mai gari a ciki, ko Inna za ta riƙa aiko mata duk Asabar? Na fassara wa Inna. Inna ta gyara mayafi ta ce in gaya mata to, amma ta riƙa dawo da roba. Na juya na ce da Faransanci, "Ta ce to. Ta ce ki riƙa dawo da roba. Ta ce kuma in na kawo a bar ni in duba ƙamus."

Inna ta ce, "Ke, maganar roba ce ta yi tsawo haka?"

Na ce, "Faransanci ne, Inna, haka yake."

Madam Mengue ta dube ni, ta dubi Inna, na ga alama ita ma ta gane. Ta sunkuya ƙarƙashin kantar ciniki ta ɗauko wani tsohon ƙamus irinsa, bangon ya yage. Ta ce wannan na kanti ne, ba ya fita, amma ga kujera can. Da sharaɗi ɗaya: duk kalmar da na fara sai na kai ƙarshenta, ko lambobinta sun kai goma.

Kwanukan Inna sun koma kan kantar bango. Damisa tana shagon Kawu, an wanke ta, yana gaya wa masu kawo agogo cewa ita ta tarwatsa Turawa a Plaine Orety da rana tsaka. Ni kuwa duk Asabar ina can a kujerar da robar tunkuza a gefe. Na fara daga A kamar mutuniyar kirki, na yi shafi huɗu, na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, na tsallaka Z in ga yadda ya ƙare. Na nemi Zimmerit sama da ƙasa. Duk kaurin littafin nan, babu ita a ciki.

Da na gaya wa Kawu, ko mamaki bai yi ba. Ya cire gilashin agogo daga idonsa ya ce, "To da ma me za ki yi da littafin da muka fi shi sani?"